Tsohon Bel Na Mayar Wa Yayan Matata a Mota

Assalamu alaikum mai shafi da ku masu karatu, da fatan kowa ya wuni lafiya da iyalinsa. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da za ku gani a nan ma duk na canza su. Ina roƙon kowa, kafin ya ɗaga yatsa ya zage ni, ya daure ya karanta har ƙarshe. Na san abin da na yi ba daidai ba ne, ba sai an tuna min ba. Shawara nake nema, kuma kwana huɗu kacal suka rage min. Na ɗana wa yayan matata tarko a cikin injin motarsa, ga shi tarkon yana shirin kama wani dattijo da bai taɓa yi min komai ba sai alheri.

Ni malamin makaranta ne a ƙasar Ƙaraye. Shekara biyar da suka wuce na sayi wata tsohuwar jar mota, irin gajerun nan masu ƙofa biyu marasa gindi, waɗanda aka ƙera don gudu ba don lodi ba. A gindin darbejiya na same ta a gidan wani tsohon malamin dabbobi, tayoyinta sun nutse a ƙasa, ɓeraye sun cinye wayoyin. Da igiya aka jawo min ita gida, mutanen unguwa suna biye suna dariya. Wani ya ce, "Malam, wannan buhu nawa take ɗauka?" Wani ya ce ai akurkin kaji na saya mai taya. Ni dai ban kula su ba, don na riga na leƙa bonet na ga abin da ke ciki. Ni ba makanike ba ne, ban taɓa zaman gareji ko na kwana ɗaya ba. Da bidiyon waya da tambaya da ƙona yatsu na koya. Duk Asabar sai in shimfiɗa buhu a gindin mangwaron tsakar gidana, in kwashe farantan matata Hajara in jera notina a ciki, tana faɗa ina ba ta haƙuri. Na wanke tanki, na sake wayoyi ɗaya bayan ɗaya, na canza kuloci ni kaɗai mota a kan duwatsu, na yi ta zaryar kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ina tsintar kayan mota na hannu 'yan Beljiyam har masu shaguna suka san ni. Kuma ina da wata ɗabi'a: duk notin da na ɗaure da hannuna sai na ɗiga masa rawayan fenti da tsinke, rabin ɗigon a kan notin, rabi a jikin ƙarfen, don in ya motsa in gani. Shekara uku ina wannan wahala. Ranar da ta tashi, na ji wannan gurnanin nata, wallahi sai da na yi hawaye, Hajara tana tsaye da ludayi a hannu tana kallona.

Daga nan na riƙe ta yadda ya kamata. Juyen baƙin mai a kan lokaci, ba na shan man bakin titi, ruwan rijiya bai taɓa shiga lagiretonta mai sanyaya inji ba sai koren ruwan da aka yi dominsa. In na hau hanyar Rogo da safe na sa ta a giya uku na taka, sai ka ji ta manna ka da kujera. Waɗanda suka yi min dariya su ne suka koma kawo min babura da injinan ban ruwa in duba musu, har ta kai in za a sayi mota a unguwarmu sai a ce a kira Malam ya gani tukuna. Ban taɓa karɓar ko sisi ba, sunan kawai ya ishe ni.

To, Hajara tana da wa, zan kira shi Sabi'u. Direban haya ne tsakanin Ƙaraye da Rogo, yana jan irin doguwar motar nan mai cin buhu da fasinja. Tun farko bai taɓa ɗaukata da daraja ba, "Injiniyan gindin mangwaro" yake ce min ko a gaban mutane. Bara abokinsa ya yi aure a Rogo, yana son motata ta shiga ɗaukar amarya. Da ni ya tambaya da na san yadda zan zille. Sai ya bi ta wurin Baba, mahaifinsu. Baba ya aiko a kira ni, ya ce, "Malam, ɗan'uwanka zai ari motarka ta wuni ɗaya." Ku gaya min, wa zai dubi idon surukinsa ya ce a'a? Na miƙa makulli. Na ce, "Yaya Sabi'u, don Allah ka riƙa duba allurar zafi. In ta wuce rabi ka tsaya ka kashe ta ka kira ni, kar ka zuba mata komai." Ya yi dariya ya ce, "Haba Injiniya, ni za ka koya wa mota? Tun kana firamare nake kan sitiyari."

Wuni ɗaya ya zama kwana biyu. Ya dawo da ita a wanke tas, har da turare a ciki, ya ajiye makulli wurin Hajara ya tafi ba mu haɗu ba. Ina buɗe bonet na ga ɓarna. Ɗigon fentina na kan notinan saman injin duk sun rabu, ko ɗaya bai dace da ɗan'uwansa ba, ga gam an lafta a gefe kamar yaɓen ɗaki. Na zaro ma'aunin baƙin mai, na ga man ya koma kalar kunun gyaɗa, wato ruwa ya haɗu da shi. Na kira shi na ce, "Yaya, wa ya buɗe min inji?" Ya ce, "Wane inji? Ni lafiya lau na kawo maka abarka." Ranar Litinin wani abokin aikina ya miƙo min waya a ofishin malamai ya ce, "Wannan ba taka ba ce?" Bidiyo ne. Ga motata a filin ƙwallo tana juyi a wuri ɗaya, tayoyi suna kuka, samari sun zauna a kan tagogi suna ihu, Sabi'u ya fito da hannu ɗaya yana ɗaga wa 'yanmata. Can sai tururi ya turnuƙe daga bonet, amma bai tsaya ba, sai da ya ƙara zagaye biyu. Sannan wani ya rugo da bokiti daga rijiya, Sabi'u da kansa ya karɓa ya sheƙa wa injin da ke tafasa ruwan sanyi. Na kalli bidiyon nan ya fi sau ashirin, kowane kallo kamar a jikina ake zubawa. Da na kwance saman injin, wanda makanikai ke ce wa tof silinda, na tarar ya tsage. Ashe wani makaniken bakin hanya Sabi'u ya kai wa ya liƙe da gam don dai ta kawo shi gida. Irin nata kuwa ba a samunsa, na duba Kano na duba Kaduna, kowa sai ya girgiza kai. Tun ranar motata take kan duwatsu.

Na kai ƙara wurin Baba. Muka zauna a zaure, na nuna masa bidiyon. Kun san abin da Sabi'u ya ce? Ya ce, "Baba, tsohuwar mota ce fa, gwangwani. Mutumin da bai taɓa koyon gyara ba kullum yana kwance ta yana ɗaurawa, in ta lalace sai a ce ni ne? Shi ya ɓata abarsa." Ni! Ni na ɓata ta! Baba yana jan carbi ya ce, "Malam, kai ne mai ilimi, kai za ka yi haƙuri. Ƙarfe ne, ba rai ba. Ku yi musabaha, magana ta wuce." Na miƙa hannu don darajar Baba. Sabi'u ya matse min hannu yana murmushi, ko "yi haƙuri" ɗaya bai furta ba, har yau. Hajara ta ce in bar wa Allah. Na ce na bari, amma ƙarya nake. Duk safiya sai na wuce ta gaban motar kafin in tafi makaranta, in ga kaza ta yi kwanci a ƙarƙashinta. In na bi ta tasha a kan aron babur, sai in ji 'yan kamasho suna cewa, "Injiniya, ina jirgin naka?" Shi ya koya musu. Shin laifi ne in mutum ya kasa mantawa? Me ya sa kullum wanda aka zalunta ake cewa ya yi haƙuri, azzalumin kuwa ko harara ba a yi masa?

Bayan wata takwas, rannan Hajara ta same ni tana ta kame-kame. Ta ce, "Yaya ne ya ce in tambaye ka, wai an ce masa bel ɗin tayimin ɗinsa ya tsattsage, ya sayi sabo, ko za ka sa masa." Ku ji rashin kunya! Ba ya son biyan makanike, sai ya tuna da Injiniyan gindin mangwaro. Ga wanda bai sani ba, wannan bel na roba ne mai haƙora, yana ɓoye a bayan murfi ba a ganinsa, shi ke daidaita motsin saman inji da ƙasansa. A irin injin Sabi'u, in ya tsinke mota tana gudu, ƙarafan ciki dukan juna suke yi, inji ya tashi aiki nan take. Na ce mata ya kawo. Saurin amsawata har ya ba ta mamaki, ta ce, "Allah ya saka maka da alheri, na san zuciyarka mai kyau ce." Ba zan yi muku ƙarya in ce shaiɗan ne ya zo min daga baya ba. Tun kafin ta rufe baki na gama shirya abin da zan yi.

Sabi'u ya kawo motar ranar Asabar da hantsi, ya miƙo min sabon bel a kwalinsa, ya shige zaure ya miƙe ƙafa, ƙanwarsa ta kawo masa dambu yana ci yana danna waya. Na cire murfin, na zare tsohon bel ɗin. Ya bushe ya yi tsaga-tsaga, haƙora uku har sun fara ɗagowa. Na riƙe sabon a hannu ɗaya, tsohon a ɗaya, na waiwaya na kalli motata. Sai na wanke tsohon da garin sabulu, na shanya shi a rana, na goga masa baƙin man takalmi har ya yi sheƙi, na mayar da shi inda yake, na daidaita alamomin tsaf, na ɗaure, har na ɗan ƙara masa tauri fiye da ƙa'ida don ya yi saurin gajiya. Na rufe murfi. Sabon kuwa na cusa shi a cikin riga na kai rumbu na binne a cikin dawa. Na tayar da mota, tana kaɗawa lafiya lau. Sabi'u ya fito yana sakace, na ba shi kwalin babu komai a ciki. Ya ce, "Ina tsohon?" Na ce na jefa a masai. Ya ce, "Ashe dai kana ɗan taɓawa, Injiniya," ya ja motarsa ya tafi, ko na gode babu. Wallahi ranar na ci abinci da daɗin da na daɗe ban ji ba.

Sai na zauna jira. Burina in ji an ce ga Sabi'u can tsakanin ƙauyen Kurugu da gari a tsaye cikin rana, fasinjoji suna zaginsa, inji ya mutu murus. Ina so ya zo da kansa ya tsaya a ƙofar gidana, in dube shi in ce, "Yaya, tsohuwar mota ce fa. Ƙarfe ne, ba rai ba." Na haddace maganar nan, har gwada ta nake yi a kan hanyar makaranta. Kullum sai na tambayi Hajara, "Ya Yaya, ya hanya?" ita kuma tana murna wai mun shirya. Abin kunyar da ya fi, har addu'a na yi a kan bel ɗin nan ya tsinke. Mako ɗaya, biyu, har bakwai, la'anannen bel ya ƙi tsinkewa.

Juma'ar da ta wuce bayan la'asar aka yi sallama da ni. Na fito na ga motar Sabi'u a ƙofar gida, ga shi tsaye, ga Baffa Gidado a gefensa da sandarsa. Baffa Gidado dattijon Bafulatani ne, rugarsu tana wajen Tudun Kaya. Wata damina motata ta taɓa kafewa a taɓo kusa da su, shi ya kawo bijimai biyu ya jawo ni, na yi na yi ya karɓi wani abu ya ƙi, ƙarshe ma da ƙwaryar nono na dawo gida. Tun daga nan muke zumunci. Matarsa Inna Dije ta shekara tana fama da ciwon ƙoda, duk bayan mako biyu sai an kai ta asibiti Kano, daga ruga a kan babur zuwa titi, sannan a matsa ta cikin motar haya. Bayan mun gaisa, mun tambayi iyali da shanu da mai jiki, sai ya ce, "Malam, wahalar ta yi wa tsohuwar nan yawa. Na yanke shawara zan ba Sabi'u bijimaina biyu ya ba ni motar nan, Buba ya riƙa kai uwarsa." Buba shi ne babban ɗansa, ya daɗe yana tuƙi a wurin mutane. Baffa ya ci gaba, "Ni saniya na sani, ban san ƙarfe ba. Na ce ba zan sallama ba sai na ji daga bakinka. Kai ne idona." Sabi'u ya yi caraf ya buɗe aljihun mota ya zaro kwalin nan, ashe ajiye shi ya yi. Ya ce, "Baffa, ga shaida. Bel sabo dal, Malam da kansa ya sa, ko wata biyu ba a yi ba. Ko ba haka ba, Malam?" Ranar ce ta farko da ya kira ni Malam.

Jama'a, me zan ce? Ga maƙwabta biyu sun matso suna saurare, ga Hajara a bayan ƙyaure na san tana ji. Baffa ya zuba min ido yana jira. Na buɗe bonet na yi ta dube-duben ƙarya, na taɓa nan na taɓa can. Baffa ya ce, "Sabo ne, Malam?" Na ce, "Sabo ne, Baffa." Ya ce, "Alhamdu lillahi, shi ke nan, na sallama." Suka yi musabaha a gabana. Aka tsayar cewa ranar Asabar mai zuwa za a kawo bijiman daga wurin kiwo a miƙa makulli, kafin nan Sabi'u zai ƙarasa jigilar gyaɗar da ya ɗauka. Ranar Litinin kuma Buba zai ɗauki Inna Dije zuwa Kano.

Yau Talata. Bari in faɗi gaskiyar da ta fi ba ni kunya, tunda ba ku san ni ba. Abin da ya fara zuwa raina ba tausayin Baffa ba ne, haushi ne cewa Sabi'u zai tsira. Ya kashe min mota ya kwana lafiya, ya ci min mutunci a gaban ubansa ya kwana lafiya, yanzu kuma da sunana, da shaidata, zai sayar da ruɓaɓɓen inji ya kora bijimai biyu gida! Wannan wane irin abu ne? Yau da safe na ji ƙarar motarsa ta wuce ta bayan makaranta da lodin gyaɗa, ina tsaye gaban allo, wallahi a zuciyata cewa nake yi tsinke, tsinke yanzu, tun tana hannunsa. In ya tsinke kafin Asabar, na rama, Baffa ya tsira da shanunsa, ba wanda ya san komai sai a ce kayan zamani ne ba su da ƙarko. Amma in ya ƙi fa? In sai ranar Litinin, a tsakiyar hanya, da mai ciwon ƙoda a kwance a baya, ba inuwa ba asibiti? In wani abu ya same ta, da wane ido zan je gaisuwa?

Na san wani zai ce in kira Sabi'u in ce zan sake duba motar, in canza a ɓoye. Na ɗauko sabon bel ɗin daga rumbu sau biyu, sau biyu ina mayarwa, don hannuna ya ƙi yi wa mutumin nan alheri. Wani zai ce in bari sai an miƙa motar in je ruga ranar Lahadi in canza. To in ce musu me? Buba ya san mota, tsayawa zai yi a kaina, yana ganin tsohon bel da man takalmi a jiki ya san ƙarya na yi wa ubansa ido da ido. In kuma na fito na faɗi gaskiya, cinikin ya rushe, Sabi'u zai bi tasha da masallaci da gidan biki yana shelar cewa Malam ɓarawon bel ne, ya so kashe shi da fasinjojinsa. Nan take za a manta abin da ya yi min, shi ya zama wanda aka zalunta, ni kuma a sake kai ni zauren Baba, wannan karon ni zan durƙusa in ba shi haƙuri. Ni in ba Sabi'u haƙuri! Hajara kuma da take yi min addu'a tana cewa zuciyata mai kyau ce, da wace fuska zan kalle ta?

Jiya da rana Baffa ya aiko Buba da kwalbar man shanu, ya ce a gaya wa Malam Inna Dije tana godiya, ta ce Allah ya bar mana irinsa masu faɗin gaskiya. Hajara ta zuba min shi a tuwo tana ta yabon ƙamshinsa. Na kai loma ɗaya na ture kwanon, na ce mata cikina ne ba daɗi. Kuma duk da haka, Allah ya gani, ban huce ba, har yanzu ina so Sabi'u ya ɗanɗani abin da na ɗanɗana ko da sau ɗaya ne a rayuwarsa. Amma Inna Dije ba ta san komai ba, ita dai murna take yi za ta je asibiti a kwance ba a kan babur ba. Don girman Allah ku ba ni shawara kafin a kawo shanun nan. Me zan yi?